Ranar da Sakala Ya Zo Auna Mijina

"Lafiya ƙalau, Maman Mwape, sai gajiyar hanya. Ina gawar tawa? Ko har yanzu tana numfashi?"

Da wannan Sakala ya amsa gaisuwata, tun bai gama jingine kekensa da bishiyar mangwaro ba. Da wani ne ya faɗi haka a tsakar gidana, da tuni muciya ta sauka a kansa. Amma Sakala ɗan ƙabilar Ngoni ne, mu kuwa Bemba, kuma tun kaka da kakanni bakin ɗan Ngoni ba shi da linzami a gidanmu. Mbuya muke kiran juna, wato abokan wasa. In an yi mana rasuwa su ne masu haƙa kabari, su ne masu girki, su yi ta zaginmu har sai mun yi dariya da hawaye a fuska. Mu ma haka muke yi musu. Maganar da ɗan'uwa na jini ba zai iya furtawa ba, mbuya zai faɗe ta yana sakace haƙori.

Ni na aika a kira shi, kuma ba don wasa ba. Mijina Chisanga, wanda tumbinsa ke riga shi shiga coci, tun ƙarshen damina yake ramewa. Da safe in kawo masa shayi da dafaffen dankali, sai ya ture dankalin, ya ce shayin ma kada a sa suga. Da rana ya ci, amma ya rage tuwo ya ce a ƙara masa ganye. Rana na faɗuwa kuwa ko naman kaza na soya sai ya ce ya ƙoshi. Na kama shi a bayan ɗaki yana huda sabon rami a bel ɗinsa da ƙusa. In na tambaye shi, amsa ɗaya ce: "Ba komai." Sai kuma matar maƙwabcinmu ta zo aron gishiri, ta ce mini ta gan shi yana fitowa daga asibitin unguwa, ta tsaya tana kallon fuskata.

Mu nan garin Kabwe mun san irin wannan ramar. Shekarun da cutar nan ta shigo layin ma'aikatan jirgin ƙasa, haka ta fara wa kowa: wando ya yi yawa, mutum ya ce ba komai. Sakala da hannunsa ya haƙa wa rabin layinmu, ƙanensa kuwa Chisanga ne ya haƙa masa. Ina jin tsoro, kuma na kasa tambayar mijina kai tsaye. Shi ya sa na kira mai iyawa.

Chisanga yana baranda da kofin shayinsa baƙi ƙirin. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Wa nake ji haka kamar mai cin ɓera?"

"Ni ne, mai cin biri. Tashi tsaye, ba ni da lokacin ɓatawa, na bar gawayina a kasuwa ba mai tsaro."

"Ai ka yi zuwan banza. Tun da muka ji kana hanya muka gargaɗi ɓerayen gidan nan, duk sun gudu."

"Ɓeran gidan Bemba? Me zai ci ya yi kitse, bayan masu gidan sun riga shi sace hatsin? Awo na zo yi."

Ya zaro igiya daga aljihu, irin wadda yake ɗaure buhun gawayi da ita, ya warware ta a ƙasa.

"Awon me?" in ji Chisanga.

"Kabarinka mana. Ƙasar sabuwar maƙabartar nan tauri gare ta, bayana kuma ba na da ba ne. Ko taƙi ɗaya ba zan haƙa fiye da tsawonka ba."

"Tsawo kawai? Faɗin fa?"

"Wane faɗi? Bara kam sai na tara 'yan Ngoni har daga garinmu Chipata, mu kwana muna haƙa. Yanzu kuwa ramin dashen rogo ya ishe ka, har a sami wurin sa takalmanka."

"Takalmana ai na san ba za su kai kabari ba, kai ne mai rakiya."

"Daɗin abin ka sani. Rediyon nan ma nawa ne. Kujerar da kake kai tawa ce, ka daina jingina da ƙarfi. Akuyar can mai ciki tawa ce ita da abin da ke cikinta. Maman Mwape kuwa dama matata ce, aro na ba ka, ka ƙi dawowa da ita."

Na ce, "Ni in koma gidan da za a soya mini ɓera a tukunya? Gara in bi shi ramin rogon."

"Kin ji ki! Ba ki taɓa ɗanɗana ba ne. Wanda ya yi kiwo a gonar gyaɗa, a babbake shi, a barbaɗa gishiri… ke, da kin manta da hannun biri."

"Ka taɓa ganin biri a tukunyata?"

"Yaya zan gani, kuna cinyewa kafin baƙo ya iso? Kai, tashi!"

Chisanga ya ajiye kofi ya miƙe yana murmushi, ya tsaya ƙyam kamar soja. Sakala ya taka bakin igiyar a dugadugansa, ya ja ta sama. Da yake gajere ne, sai da ya yi ɗage kafin ya kai tsakar kan mijina. Ya fito da wuƙa zai yanke. Ina tsaye a ƙofar ɗakin girki ina kallon hannunsa, wuƙar ta zame, ta sake zamewa. Mutumin da ke yanke igiya kullum safiya ta Allah ne fa.

"Wuƙar Ngoni ke nan," in ji Chisanga. "Da irinta kuka zo yaƙar kakanninmu? Shi ya sa kuka koma kamun ɓera."

"Ba mu ga abin yanka ba ne, kun haye bishiya duk kun ɓuya."

Igiyar ta yanku. Sakala ya riƙe ta a miƙe tsakanin hannayensa biyu, tsawon mijina cif, ni kuwa na kawar da kai don ba na iya kallonta.

"To, awo ya ƙare," in ji shi. Muryar ta wasa ce, amma ta yi ƙasa. "Saura abu ɗaya. Faɗa mini sunan abin da zai kashe ka, don in san abin da zan gaya wa jama'a a bakin kabari. Ba na son in yi ƙarya a gaban fasto."

"Ka ce ganin fuskarka ne."

"Wannan da tuni ta kashe ka. An gan ka a asibiti, mbuya. Wandonka yana neman tsere maka. Matar nan ta tuƙa tuwo ka ce ka ƙoshi, alhali ɗan Bemba ko a mafarki ba ya ƙoshi. Ƙanjamau ce? Ko ciwon daji? In ita ce yanzu akwai magani, ba kamar lokacin ƙanena ba. Faɗi, ni ba abin da kunnena bai ji ba."

Chisanga ya juyo ya dube ni, murmushin ya bar fuskarsa.

"Ke kika kira shi, Maman Mwape?"

"Ni ce."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya miƙa wa Sakala hannu.

"Ba ni igiyar nan. Allah ya ba ɗan Ngoni kayan aiki, ya hana shi kai."

Ya karɓa, ya haɗa bakinta biyu ya ninke ta daidai. Ya ɗage riga, ya zagaya ta a cikinsa ta wajen cibiya. Bakin igiyar ya haɗu, har ɗaya ya ɗan hau kan ɗaya.

"Kun gani?"

"Mun gani," in ji Sakala. "Mahaukaci ya ɗaure kansa, ya hutar da dangi."

"Buɗe toshasshen kunnenka ka ji. Ranar da masu duba lafiya suka zo cocinmu, nas ta soki yatsana, ta ce in same ta a asibiti. Na je. Ta ce ciwon suga yana bakin ƙofa, bai shigo ba tukuna, amma ya riga ya cire takalmi. Ta ɗauko zare ta auna tsawona kamar yadda ka yi, ta ninka biyu, ta ce rabin tsawon mutum ya kamata ya zagaye cikinsa. Nawa kuwa tsakanin baki da baki sai ka ajiye kwanon tuwo."

"Na shaida. Har da na miya."

"Ta ce tumbin nan ne ke yi wa ciwon jagora, sai na rage shi. Ta jero mini hanyoyi, na zaɓi wadda zan iya. In ci daga tsakar rana zuwa kafin faɗuwarta, in ci mai kyau, ganye da wake da kifi, tuwo daidai misali. Daga nan in rufe baki sai gobe, ban da ruwa da shayi mara suga. Kuma in riƙa taka ƙafa. Ina komawa tana duba ni, shi ne aka gan ni. Makon jiya ta sake sokin yatsan, ta ce ciwon ya mayar da takalminsa ya kama hanya."

Sakala ya ce, "Ita ƙanjamau fa? Kada ka zagaya ni."

"Babu. Ni da kaina na ce a duba, don na san bakinku. Babu ita, babu daji, babu komai. Lafiyata ƙalau, mbuya, rabon da in ji jikina sakayau haka tun ina shiga injin jirgi da tsalle."

Ban san lokacin da na zauna a kan turmi ba. Wani abu da ya daɗe a tokare a ƙirjina ya sauka, sai na ji iska tana shiga har ƙasan cikina. Daɗi na ji, daɗin da ban taɓa jin irinsa ba, amma bai hana haushi biyo bayansa ba.

"Baban Mwape, me ya hana ka gaya mini? Bakinka ciwo yake yi?"

Ya sauke rigarsa, ya sunkuyar da kai.

"Yaya Mubanga," in ji shi.

Wansa ke nan. Ciwon suga ya ci ƙafarsa har aka yanke, kuma a ɗakin bayan nan na yi jinyarsa har Allah ya karɓi abinsa.

"Na ga yadda kika koma a lokacin," ya ce. "Na ce sunan ciwon nan ba zai sake shiga kunnenki a gidan nan ba sai na kore shi tukuna. So nake in zo miki da labarin ya riga ya wuce."

"Sai ka ɓoye mini ƙaramin, ka bar ni ina kwana da babban! Ka san sau nawa na binne ka a zuciyata? Ka san har na ciro baƙin zanena na duba ko asu ya ci?"

Kuka ya ƙwace mini, ina yi ina dariya, ni kaina ban san wanne ne ya fi yawa ba. Chisanga ya zo ya tsuguna a gabana, sai cewa yake, "Yi haƙuri, Maman Mwape, na yi wauta."

"Kai, ku dakata, ku dakata!" in ji Sakala. "Kukan nan nawa ne. Ni aka yi wa asara. Rediyo ya tafi, akuya ta tafi, mata ta tafi. Na riga na gaya wa mutanen kasuwa su shirya, akwai cin nama a layin jirgi."

Ya juya baya ya fyace hanci da ƙarfi, ya goge ido da gefen riga.

Chisanga ya ce, "Mbuya, kuka kake yi?"

"Ƙurar gawayi ce. In yi wa ɗan Bemba kuka? Wai tsaya ma, wannan abin da kake yi sunansa me?"

"Azumi ne, na rage ƙiba."

"Azumi ana shan shayi? Wane coci ne wannan in koma can? Fasto ya sani?"

"Ba na neman lada ba ne, na tumbi ne."

"Ikon Allah! Mu a Chipata wannan yunwa muke ce mata, kuma ba ma zuwa asibiti a koya mana. Kakata ta yi irinsa shekarar fari daga farko har ƙarshe, ba nas ɗin da ta tafa mata. Mutum ya ƙare ƙuruciyarsa yana gina tumbi, mutane suna ba shi hanya suna ce masa maigida, rana ɗaya ya rushe abinsa da hannunsa. Yanzu wa zai gan ka ya yarda ka taɓa aikin gwamnati?"

"Matso nan."

"In matso in yi me?"

"Ka auna ni, zan auna ka. Maman Mwape, miƙo sauran igiyar."

Na share hawaye na miƙa masa da sauri, don wannan kam ba zan so ya wuce ni ba. Sakala ya fara ja da baya, amma mangwaro ya tare shi. Chisanga ya taka igiya a dugadugansa, ya ja zuwa tsakar kansa, ya yanke da sara ɗaya.

"Ka ga amfanin gajarta, ba ka cin igiya. Ɗage riga."

"A gaban matata? Ina kunya."

"Ɗage!"

Ya ɗage. Chisanga ya ninka igiyar, ya zagaya. Sakala ya ja numfashi ya shanye ciki har idanunsa suka firfito, amma ina! Tsakanin baki da baki tafin hannuna biyu za su zauna su huta.

"Igiyar ce ba ta cika ba," in ji Sakala da ƙyar, yana riƙe da numfashi.

"Kai ka kawo ta."

"Da cikarta na kawo ta. Ta shigo gidan Bemba ai, me ya taɓa shigowa nan bai ragu ba?"

"Saki numfashin kafin ka faɗi, in rasa mai taya ni ɗaga ka."

Ya saki, tumbin ya dawo mazauninsa, igiyar ta suɓuce daga hannun mijina. Muka kwashe da dariya mu uku har akuya ta tsorata. Da dariyar ta lafa, Chisanga ya tsince igiyar ya danƙa masa a hannu, bai saki hannun ba.

"Ji nan, mai cin ɓera. Na haƙa wa ƙanenka, ba zan haƙa maka ba. Kai ne za ka binne ni, haka tsarin yake. In ka riga ni tafiya, wa ya rage a garin nan da zai tsaya a kan kabarina ya kira ni ɓarawo?"

Sakala ya dubi igiyar, ya dubi cikinsa.

"Ita nas ɗin… tana karɓar 'yan Ngoni?"

"Tana duba har awaki in an matsa mata. Amma kada ka je ka fara da ka, kai da kake shan maganin hawan jini. Sai ta duba ka ta faɗi abin da ya dace da kai. Ni zan raka ka, don kada ka tsaya wajen mai soya fanke a hanya."

Rana ta take, inuwar mangwaro ta tattaru a gindinsa. Na shiga na kwaso tuwon masara, da ganyen kabewa da na dafa da gyaɗa, da ƙananan kifin nan kapenta. Na zauna ina kallon mijina yana ci, loma bayan loma, da daɗin baki irin na mai lafiya. Kullum haka yake ci da rana, tsoro ne ya rufe mini ido ban gani ba. Sakala kuwa ya yanko lomar da ta kusa kai kan jariri.

Chisanga ya ce, "Haka za ka fara?"

"Ban ga nas ba tukuna. Kai ka ce kada in fara da ka. Maman Mwape, ƙaro tuwo, umarnin asibiti nake bi."

Da suka wanke hannu, Chisanga ya shiga ɗaki ya fito da wandunansa na da, har da na zuwa coci mai ruwan toka, ya jibga masa a kafaɗa.

"Ga gadonka, tun ina raye. Ka naɗe ƙafar sau uku. In sun yi maka yawa nan gaba ka dawo da su, a ɗinka wa coci labule."

Sakala ya ɗaga mai ruwan tokar ya kara a ƙugunsa, ya ga kamar don shi aka yanka. Ya girgiza kai, dariya ta ci ƙarfinsa.

"Ka ci ni yau, ɓarawo. Na zo ɗaukar gawa, na koma da wando."

Ya ɗaure su a bayan keke, ya cusa tasa igiyar a aljihu. Na raka shi bakin ƙofa ina son in yi masa godiya, na san kuma in na yi zai zage ni. Sai na ga ya waiwaya yana kallon ɗaya igiyar, ta tsawon mijina, tana yashe a baranda. Ya koma ya ɗauko ta, ya haɗa bakinta biyu a hankali, ya sa mini a hannu.

"Ajiye wannan, matata," in ji shi. "A ninke. Kada in sake ganinta a miƙe."

Tana nan rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakinmu, a ninke.